Yadda Ake Kare Ma'aikata Daga Ƙurar Duwatsu a Wurin Aiki

Mataki na farko shi ne a zagaya wurin aikin lokacin da ake fasa dutse ko yanka siminti, a lura da inda ƙura take tashi, amma a sani cewa ƙurar silika (wani sinadari da ke cikin dutse da yashi) da ke lalata huhu tana da ƙanƙanta sosai har ido ba ya ganinta, kuma tabon da take bari ba ya warkewa. Bayan an auna yawanta a iska, sai a kashe ta tun daga tushe ta hanyar zuba ruwa a kan abin yankan ko sanya na'urar zuƙe ƙura. Takunkumi shi ne kariya ta ƙarshe, kuma dole ya kama fuska sosai, domin ƙyalle ba ya tare wannan ƙura. A daina share busasshiyar ƙasa da tsintsiya, sannan a riƙa duba huhun ma'aikata a kai a kai.