Yadda na gyara rinin da ya ƙi kama faifan golf

Matsalar ita ce launi ya zauna kamar ya kama, amma da na sa faifan a ƙarƙashin famfo sai ya wanke, ya bar ɗan dishi-dishi kawai. Faifan wasan golf ɗin nan da ake jifa cikin kwando, wanda aka fi bugawa a Amurka da Finland, roba ne, kuma rinin yadin auduga da na fara amfani da shi ba ya shiga roba. Sai na koma rinin da aka yi don yadin foliyesta, irin iDye Poly.

Wannan bai isa ba. Roba ma iri-iri ce: mai arha, kamar wadda kamfanin Innova ke kira DX, ba ta shan rini sosai, nau'o'insa na Star da Champion kuwa suna sha. Na ɗauki farin Star, na goge tambarinsa da asiton (ruwan goge jan farce) a jikin auduga, da sauri, don idan ya daɗe yana ɓata fuskar robar. Na wanke shi da sabulu saboda maiƙon hannu.

Daga nan na shimfiɗa kumfar aski a faranti, na barbaɗa garin rinin, na ja shi da tsinke ya yi zane. Na kifa faifan a kai, na danna a hankali don kada iska ta maƙale ta bar farin tabo, na ajiye a wuri mai ɗumi ya kwana. Ɗumin yana da muhimmanci, shi ke sa rinin ya ratsa. Rana mai zafi dai a guje ta, tana lanƙwasa faifai.

Washegari na wanke da ruwan sanyi, shuɗin ya fito raɗau. Dokar PDGA, ƙungiyar da ke tsara dokokin wasan, ba ta hana rini ba, fenti mai ƙara kauri ta hana.