Yadda Ake Karanta Jarumi a Tsohon Adabi: Antaru ɗan Shaddadu da Akilis

Yawancin waɗanda suka ɗauki tsohuwar waƙar yaƙi ko dogon labarin sadaukai sukan fara ne da ƙirga gawarwaki, wato su ga wa ya fi kisa, wa ya fi ƙarfin dantse, wa ya tarwatsa runduna shi kaɗai. Wannan karatu yana da daɗinsa, amma shi ne mafi ƙarancin abin da waɗannan ayyuka suke ɗauke da shi, kuma wanda ya tsaya a nan zai gaji tun kafin ya kai rabi, domin faɗuwar mutum na ɗari ba ta bambanta da faɗuwar na goma ba. Hanyar da zan bayyana a nan ita ce wadda na ga ta fi fitar da ma'ana, kuma zan kafa ta ne a kan misalai biyu. Na farko shi ne Antaru ɗan Shaddadu, mawaƙin ƙabilar Absu da ya rayu a yankin Najadu a ƙarni na 6 Miladiyya, wanda almajiran lugga a zaurukan malamanmu suka daɗe suna haɗuwa da shi cikin waƙoƙin mawaƙan jahiliyya. Na biyu shi ne Akilis, gwarzon waƙar Iliyad ta Girkawa wadda ake dangantawa ga Homa, wadda masana suke ɗora tsara ta a wajajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Kafin ka shiga karatun, ka fara tantance wane jarumi ne a gabanka, domin sau da yawa mutum biyu ne suke amsa suna ɗaya. Akwai Antarun da yake magana da bakinsa a cikin mu'allaƙarsa, wato shahararriyar waƙarsa wadda ba ta kai baiti 100 ba, akwai kuma Antarun Sira, wato dogon labarin da masu ba da hikaya suka yi ta faɗaɗawa ƙarnuka bayan mutuwarsa har ya cika mujalladai masu yawa, inda yake zuwa neman raƙuma dubu na sadakin masoyiyarsa Abla, yana kuma ratsa ƙasashe masu nisa. Haka lamarin yake ga Akilis. Labarin dokin katako da aka ci birnin Taroy da shi, da labarin kibiyar da ta same shi a diddige, ba sa cikin abin da Iliyad ta ba da labarinsa, domin waƙar ta ɗauki 'yan makonni ne kawai daga shekara ta goma ta yaƙin da Girkawa suka yi da birnin. Wanda ya shiga da waɗannan labarai a kansa zai yi ta jiran abin da ba zai zo ba, ya kuma wuce abin da yake gabansa.

Daga nan sai ka nemi abin da jarumin ya rasa tun kafin ya zare takobi, domin nan ne tushen labarin yake. Mahaifiyar Antaru, Zabiba, baiwa ce 'yar Habasha, kuma bisa al'adar Larabawan wancan zamani ɗan baiwa bawa ne har sai ubansa ya karɓe shi a matsayin ɗa. Masu tarihin adabin Larabci sun ruwaito cewa wata rana mahara suka afka wa Absu suka kore musu raƙuma, sai Shaddadu ya ce wa Antaru ya kai hari. Antaru ya amsa da cewa bawa bai iya kai hari ba, abin da ya iya shi ne tatsar nono da ɗaure hantsar taguwa. Uban ya ce masa ya kai hari, shi ɗa ne. Ka tsaya a kan wannan amsa ka juya ta da kyau, domin ba amsar matsoraci ba ce. Amsar mutum ce da ya san cewa ranar da ake buƙatarsa ita ce kaɗai ranar da zai iya sa wa kansa farashi. Da zarar ka riƙe wannan, duk baitin da Antaru ya ambaci Abla ɗiyar baffansa Maliku, ko ya ambaci baƙar fatarsa, ko ya ambaci mahayan da suke kiran sunansa a tsakiyar gumurzu, za ka ji cewa mutum ne mai kafa hujja a gaban danginsa cewa shi ma nasu ne. A ƙarshen mu'allaƙar ya faɗa da bakinsa cewa abin da ya warkar da ransa shi ne jin mahaya suna ce masa ya kutsa gaba. Mutumin da aka taɓa hana shi sunan ɗa, kiran sunansa ne maganinsa.

Akilis kuwa bai rasa asali ba, abin da aka taɓa masa shi ne mutunci. Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, ya ƙwace masa Birisayis, matar da aka ba shi a rabon ganima, shi kuma ya janye daga yaƙi ya zauna a gefen jiragen ruwansa yana kallo ana karkashe mutanensa. Kalmar da waƙar ta buɗe da ita a harshen Girkanci ita ce fushi. Wannan ya isa ya nuna maka cewa mawaƙin bai ɗauki ƙarfin Akilis a matsayin jigon waƙarsa ba.

A nan ne ake buƙatar haƙuri, domin mai karatu na yau yakan yi saurin yanke hukunci da ma'auninsa, ya ce wannan ai girman kai ne da son zuciya. Abin da ya kamata shi ne ka fara koyon ma'aunin mutanen da suka yi waƙar, sannan ka yi hukunci. A kashi na 12 na Iliyad, wani basarake mai suna Sarfidon ya tambayi abokinsa dalilin da ya sa ake ba su wurin zama na gaba, da tsokar nama mafi kyau, da cikakken ƙoƙo, da gonaki a bakin kogi, sannan ya amsa wa kansa cewa saboda haka ne ya zama wajibi su tsaya a sahun farko ranar yaƙi. Ke nan a wurinsu ganima shaida ce da jama'a suke bayarwa a kan darajar mutum, kuma ƙwace ta a bainar jama'a daidai yake da tuɓe wa sarki rawani a gaban fadawansa. Antaru shi kuma yana alfahari da cewa yana kutsawa cikin yaƙi amma yana kame hannunsa lokacin rabon ganima. A zahiri kamar sun saɓa wa juna, amma abu ɗaya suke karewa, wato yadda za a ambace su. Larabawa suna kiran wannan tarin halaye muru'a, kuma ta haɗa da kyauta, da cika alkawari, da kare wanda ya nemi mafaka, har da kunyar matar maƙwabci, wadda aka ruwaito Antaru yana cewa yakan sunkuyar da idonsa idan ta fito har sai ɗakinta ya ɓoye ta.

Bahaushe yana da wata dama a nan wadda ya kamata ya yi amfani da ita, domin ya san kirari. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ko a taron maharba ya ga namiji ya ɗaga hannu yana koɗa kansa, ya san cewa ba a ɗaukar wannan a matsayin fankama. Kirari bashi ne da mutum yake ci a gaban jama'a, kuma kowa yana jiran ya ga ko zai biya. Da wannan kunnen ya kamata ka saurari alfaharin Antaru da na Akilis. Haka kuma laƙabin da ake ta maimaitawa a Iliyad, irin su Akilis mai saurin ƙafa da Hekta mai horon dawaki, kada su gundure ka, domin aikinsu ɗaya ne da na gadanga ƙusar yaƙi da ake yi wa Aliyu. Idan ka karanta da murya a fili, ko da fassara ce a hannunka, za ka ji yadda suke ba wa mai waƙa da mai sauraro wurin numfasawa.

Shawarar da na fi ba wa muhimmanci ita ce ka rage gudu a duk inda aka ajiye makami, ka kuma sa wa wurin alama da alƙalami domin ka dawo masa. A kashi na 6 na Iliyad, Hekta, ɗan sarkin Taroy kuma garkuwar birnin, ya gamu da matarsa Andaromaki a kusa da ƙofar ganuwa, kuyanga na riƙe da jaririnsu. Matar ta roƙe shi ya tsaya a cikin birni, ta tuna masa cewa Akilis ya riga ya kashe mata uba da 'yan'uwa maza bakwai, don haka shi ne yanzu uwa da uba a gare ta. Hekta bai ƙaryata ta ba, ya ma faɗa mata cewa ya san ranar faɗuwar birnin tana tafe, amma kunyar mazan Taroy da matansu ba za ta bar shi ya noƙe ba. Sai ya miƙa hannu zai ɗauki yaron, yaron ya tsala ihu ya ƙanƙame kuyangar saboda tsoron kwalkwalin tagulla da gashin dokin da yake rawa a samansa. Uban da uwar suka yi dariya, Hekta ya cire kwalkwalin ya ajiye a ƙasa, sannan ya ɗauki ɗansa ya sumbace shi. Duk wanda ya wuce wannan wuri da sauri domin ya isa fagen fama, ya wuce dalilin da zai sa mutuwar Hekta ta yi masa ciwo a kashi na 22.

Irin wannan wuri a waƙar Antaru shi ne inda ya juya ga dokinsa. Ya ce māsu sun yi ta sauka a ƙirjin akawal ɗin nasa kamar igiyoyin guga da aka zura a rijiya, har jini ya zame masa riga, sai dokin ya karkace ya kai masa kuka da hawaye da haniniya, kuma da ya san magana da ya faɗa masa abin da yake ji. Mutumin da ya kwashe baitoci yana ba da labarin yadda ya bar gawar abokin gaba ga namun daji, shi ne kuma ya tsaya yana sauraron kukan dabba. Kada ka zaɓi ɗaya ka watsar da ɗaya, domin mawaƙin da gangan ya ajiye su kusa da juna.

Ka kuma lura da tsoro, domin tsofaffin mawaƙa ba su ɓoye shi ba. Hekta ya tsaya shi kaɗai a wajen ganuwa yana jiran Akilis, amma da ya hango shi tafe sai ƙafa ta ƙi tsayawa, ya zagaye birnin a guje har sau uku kafin ya juyo ya fuskance shi. Mawaƙin bai rage masa daraja saboda haka ba, kuma kai ma bai kamata ka rage masa ba.

Tambayar da za ka riƙa yi wa kowane shafi bayan wannan ita ce: wa ya biya kuɗin wannan suna? Yaƙin da Antaru ya yi fice a cikinsa, wato yaƙin Dahis da Gabra'u tsakanin Absu da Zubyana, ya samo asali ne daga gardama a kan sukuwar dawaki biyu, kuma ana cewa ya ɗauki shekara 40. Saboda haka nake ba da shawarar kada a karanta mu'allaƙar Antaru ita kaɗai, a haɗa ta da ta Zuhairu ɗan Abi Sulma, wanda ya yi waƙarsa a kan wannan yaƙi ɗin dai, amma ya yabi Harimu ɗan Sinanu da Harisu ɗan Aufu, mutum biyu da suka ɗauki nauyin biyan diyyar waɗanda aka kashe daga dukiyarsu domin a yi sulhu. Zuhairu ya kamanta yaƙi da dutsen niƙa mai niƙe mutane. Idan ka ajiye waƙoƙin biyu gefe da gefe za ka ga cewa al'umma ɗaya, a zamani ɗaya, ta san jarumta iri biyu, kuma ta adana yabon kowannensu. A Iliyad ma haka ne. A kashi na 9 Akilis ya bayyana cewa hanya biyu ce a gabansa, ko ya zauna a Taroy ya mutu da ƙuruciya sunansa ya dawwama, ko ya koma gida ya tsufa ba tare da suna ba. Amma wanda ya biya kuɗin fushinsa shi ne amininsa Fatrokulus, wanda ya sa sulkensa ya fita a madadinsa a kashi na 16, Hekta ya kashe shi. A waƙar Odisi kuma, wadda ita ma ake dangantawa ga Homa, a kashi na 11, an nuna Akilis a cikin matattu yana cewa gara masa ya zama ɗan ƙodago a gonar talaka yana raye da ya mulki dukkan matattu.

Ga wanda bai da lokacin karanta kashi 24 na Iliyad a jere, masu ɗauke da layi fiye da 15,000, zai iya farawa da kashi na 1, da na 6, da na 9, da na 16, da na 22, sannan ya ba na 24 zama na musamman shi kaɗai. A can ne dattijo Firiyam, sarkin Taroy kuma mahaifin Hekta, ya fita da dare da keken kayan fansa, ya shiga masaukin Akilis, ya durƙusa ya sumbaci hannayen da suka kashe masa 'ya'ya, ya ce masa ya tuna da mahaifinsa wanda shi ma tsoho ne. Dukansu biyu suka yi kuka, ɗaya don ɗansa, ɗaya don ubansa da amininsa. Akilis ya sa aka wanke gawar Hekta, wadda ya kwana da kwanaki yana ja a ƙasa, aka shafe ta da mai aka lulluɓe ta, ya ɗaga ta da hannunsa ya ɗora a kan makara, ya ci abinci tare da tsohon, ya kuma yi masa alkawarin dakatar da yaƙi na kwana 11 domin a yi makoki. Ka karanta wannan kashi a hankali, sannan ka koma ka sake karanta layukan farko na waƙar inda aka ambaci fushi, ka dawo kan layinta na ƙarshe, wanda bai ambaci Akilis ba, sai jana'izar Hekta mai horon dawaki.