Yadda ake tsayawa takarar kansila a ƙauyen Faransa

A Faransa komai ƙanƙantar ƙauye yana da majalisarsa da magajin garinsa, ana kuma zaɓensu duk shekara shida. Yawan kujeru yana bin yawan jama'a: ƙauyen da bai kai mutum 100 ba kujera 7, daga 100 zuwa 499 kujera 11, daga 500 zuwa 1,499 kujera 15.

Fara da duba cancantarka. Sai ka cika shekara 18, kana da takardar zama ɗan Faransa ko ta wata ƙasar Tarayyar Turai, sunanka kuma yana cikin rajistar masu zaɓe ta ƙauyen ko cikin masu biyan harajinsa. Ɗan Nijar mai katin zama kaɗai ba ya zaɓe, balle takara. Ɗan wata ƙasar Tarayyar Turai kuwa zai iya zama kansila, amma magajin gari ko mataimakinsa, a'a.

Babban aikin shi ne haɗa jerin 'yan takara. Kafin dokar Mayun 2025, a ƙauyen da bai kai mutum 1,000 ba mutum kan tsaya shi kaɗai, mai zaɓe ya soke sunan wanda bai yi masa ba. Yanzu jeri ake zaɓa dungurungum, kuma dole a jera mace, namiji, mace, namiji har ƙasa. An yi rangwame: jeri zai iya gaza yawan kujeru da mutum biyu. Duk da haka nan ake shan wahala, don samun mata huɗu ko biyar da za su yarda a ƙaramin ƙauye sai an bi gida-gida tun da wuri.

Kowane ɗan takara zai cike fom ɗinsa, ya sa hannu, ya kuma rubuta jimlar amincewa da alƙalami da hannunsa. Ana yawan manta wannan, kuma rashinsa kan sa a mayar da takardun jerin duka. Jagoran jeri ne zai kai su ofishin prefe, wato wakilin gwamnati a yankin, ba ofishin magajin gari ba, kafin ƙarfe 6 na yamma ranar Alhamis ta uku kafin zaɓe. Kada a bari sai ranar ƙarshe, ba lokacin gyara.

A gargaɗi magoya baya: wanda ya soke suna ko ya ƙara wani, ƙuri'arsa ta lalace.

Jerin da ya ci zaɓe yana kwashe rabin kujeru, sauran a raba tsakanin duk jerin da ya samu aƙalla kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u. Kansiloli ne ke zaɓen magajin gari a zamansu na farko, ta ƙuri'ar sirri. In an kai zagaye na uku, wato na ƙarshe, aka yi kunnen doki, wanda ya fi shekaru ne zai hau.