Yadda jagoran okestira ke riƙe makaɗa tamanin da hannu biyu

Kafin ka tsaya gaban okestira, wato ƙungiyar makaɗa tamanin zuwa ɗari, ka san wa ke zaune a ina. Masu kayan tsirkiya irin na goge ne a gaba, kuma su suka fi yawa: a babbar ƙungiya akan sami masu biyolin na farko kamar 16, na biyu 14, masu biyola 12, celo 10, babban bas 8. Bayansu masu busa sarewa da obo da kilarinet da basun, sai masu busa kayan tagulla, can ƙurya kuma masu ganguna. Kujerar farko ta hannun hagunka ta shugaban masu biyolin ce. Ka zauna da shi tun kafin ranar gwaji, ku daidaita inda bakan gogawa zai hau da inda zai sauka, a rubuta da fensir a takardar kowa. In ba a yi haka ba, rabin sa'a za ta tafi a banza. Saiti kuwa ba ruwanka. Mai obo ne zai busa sautin A, mai girgiza 440 a daƙiƙa, ko 442 zuwa 443 a ƙungiyoyi da yawa na Turai, kowa ya daidaita kayansa a kai.

Hannun dama na lokaci ne. Kiɗa mai bugu huɗu: ƙasa, hagu, dama, sama. Mai uku: ƙasa, dama, sama. Wannan kowa zai iya koya a yini guda. Abin da ke kayar da sabon jagora shi ne ɗaga hannun da ke zuwa kafin bugun farko. A cikin wannan ɗagawa ɗaya tak makaɗa ke karanta saurin kiɗan da ƙarfinsa da yanayinsa, kuma a lokacin ne masu busa ke jan numfashi. To ka ja naka numfashin tare da su, su gani a ƙirjinka. Tsawon ɗagawar ya zama daidai da bugu guda na saurin da kake so. In ka ɗaga da hanzari ka sauko a sanyaye, wasu za su bi ɗagawar, wasu su jira saukowar, sai a ji shigowa biyu a wuri ɗaya.

Hannun hagu shi ke ƙara sauti ko rage shi, shi ke ba mutum izinin shigowa. Amma ido ya riga hannu. A simfoni na 5 na mai tsara kiɗa Beethoven, wato dogon kiɗan okestira mai kashi-kashi, masu tirambon (ɗaya daga kayan tagulla) ba su da abin busawa sai a kashi na huɗu, wato sun yi sama da minti 20 suna zaune. Irin wannan makaɗi ka dube shi gaɓa ɗaya ko biyu kafin lokacinsa (gaɓa ita ce zagaye ɗaya na bugun, kamar uku ko huɗu), ya san ka san da shi. Nuna shi da yatsa a daidai lokacin shigowa firgita shi ne kawai.

Akwai kuma matsalar nisa. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, saboda haka abin da ya fito daga mita 15 zai iso kunnenka da ɗan jinkiri, kaɗan ne amma ana jinsa. Na baya da suka bi kunne maimakon ido kullum a makare suke. Kai ma in ka tsaya jiran abin da ka ji kafin ka buga na gaba, kiɗan zai yi ta ja da baya har ya yi nauyi. Hannunka ya kasance a gaban sautin.

Yawanci gwaji uku ko huɗu ake samu, kowanne kamar sa'a biyu da rabi. A na farko ka bari su kaɗa kashi guda har ƙarshe, domin kurakurai da yawa su da kansu za su gyara a zagaye na biyu. In ka tsayar da su, abu uku kawai: lambar gaɓa, su wa, me za a canza. "Gaɓa ta 40, masu ƙaho, ku rage, kuna danne obo." Shi ke nan. Dogon jawabi kan abin da mai tsara kiɗan ke ji a zuciyarsa shi ya fi komai saurin kashe musu jiki. Gyaran mutum ɗaya kuma a bari sai lokacin hutu, ba a gaban jama'a ba. Waɗannan ƙwararru ne, ba ɗalibai ba. Makaɗan okestirar Filhamonik ta birnin Balin su ke zaɓen jagoransu da ƙuri'a, na birnin Biyana kuwa tun 1933 ba su da jagora na dindindin, gayyata suke yi.

Daren wasa, in ka ji ɓangarori sun fara rabuwa, kada ka faɗaɗa hannu, don babban motsi ya fi wuyar karantawa. Ka ƙanƙanta shi, bugun farko na kowace gaɓa ya fito sarai, ka haɗa ido da shugaban masu biyolin, sauran za su bi bakan gogawarsa. In an gama masu kallo na tafawa, ka fara tayar da waɗanda suka kaɗa su kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, sannan ɓangare ɓangare, sannan kowa da kowa. Ka rubuta sunayen tun a gwajin ƙarshe, domin wanda aka manta ba ya mantawa.