Yadda za ka hana kare ɗane mutane

Gaisuwa ce ke sa kare ya miƙe ya dafa ƙirjin mutum. Tun yana ɗan kwikwiyo ya saba lasar bakin uwarsa, kai kuwa fuskarka tana can sama. Abin da ke zaunar masa da halin shi ne abin da yake samu: ka kalle shi, ka daka masa tsawa, ka ture shi da hannu. A wurinsa duk kulawa ce, turewar ma wasa ya ɗauke ta. To, hana shi ita.

Tanadi igiya mai tsawon mita 2 da dafaffen nama ko hanta, a yayyanka kamar ƙwayar wake, guda 20 zuwa 30. Kada a ba shi kilishi ko tsire: albasa da tafarnuwar da ke cikin yaji suna lalata jinin kare.

Ka shigo ta ƙofa kamar yadda ka saba. Da ya ɗaga ƙafafun gaba, rungume hannuwanka, juya masa baya, ko uffan kada ka ce. Da zarar ƙafafunsa huɗu sun taɓa ƙasa, ce "yawwa", ka ba shi nama cikin daƙiƙa 2. In ka wuce haka, ba zai gane abin da aka saka masa a kai ba. Sunkuya ka ajiye naman a ƙasa gaban hancinsa. In ka riƙe shi a ƙirjinka, kai da kanka ka kira shi sama. Ya sake tsalle? Fita, ja ƙofa, dawo bayan daƙiƙa 20. Minti 5 ya isa, sau 2 ko 3 a rana.

Sannan koya masa "zauna". Riƙe nama dab da hancinsa, ka ja shi a hankali zuwa saman kansa. Kansa zai bi naman, gindi ya sauka. Mai zaune ba ya tsalle, saboda haka zaman ya zama kuɗin gaisuwa.

Kwanakin farko abin zai ƙaru, har da yakushi da haushi, domin dabarar da ta saba ci ta daina. A nan yawancin masu kare ke sarewa. In ka sakar masa a tsalle na goma, ka koya masa naci ke nan.

Wajen baƙi sai da igiya. Kafin a amsa sallama, sa masa ita, taka ta da ƙafa, ka bar masa daidai abin da zai tsaya a sake amma ba zai iya miƙewa ba. Baƙon da ya sha farar shadda zai tafi masallacin Juma'a ba ya buƙatar sawun laka a ƙirji, kuma ba kowa ke son kare ya taɓa shi ba. Irin wannan a kai karen ɗaki kawai. Yara da maigadi su ma su bi dokar. Mutum ɗaya mai cewa "ƙyale shi, ni ban damu ba" yana rushe aikin mako guda.

Kada ka doke shi da gwiwa a ƙirji ko ka taka masa ƙafar baya: rauni yake jawowa, da tsoron hannun mutane, tsoro kuwa kan kai ga cizo. Idan kuma tsallen yana zuwa da gurnani, jiki a sandare, haƙora a waje, wannan ya wuce gaisuwa. Killace shi, ka nemi likitan dabbobi, a kuma duba ko allurarsa ta haukan kare tana kan lokaci.