Yadda Ake Bin Diddigin Yaƙin Basasar Amurka Ba Tare da Ruɗewa Ba

Mai son fahimtar yaƙin basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, yakan ɓata lokacinsa wajen haddace sunayen fagagen fama, har ya cika kansa da sunaye amma ya kasa faɗin abin da ya ba Arewa galaba. Abin da ya fi amfani shi ne ka tsaya a kan kowane gumurzu ka tambayi kanka abin da ya sauya bayansa.

Ka fara da taswira. Ka sa alama a Washinton, fadar gwamnatin tarayya (wato Arewa), da Richmond, babban birnin jihohin Kudu 11 da suka ɓalle bayan zaɓen Abraham Lincoln shugaban ƙasa a 1860 domin su ci gaba da riƙe bayi, waɗanda yawansu ya kusa miliyan 4. Tsakanin biranen biyu kimanin kilomita 160 ne kacal, shi ya sa idon jama'a ya fi karkata can. Daga nan sai ka bi kogin Misisipi da alƙalami tun daga sama har bakin teku, domin a yamma ne aka fara karya lagon Kudu.

Ka lura cewa gumurzu guda yakan zo da suna biyu: Arewa takan kira shi da sunan rafin da ke kusa, Kudu kuwa da sunan gari. Bull Run, inda sojojin tarayya suka arce a Yulin 1861, shi ne Manassas, kamar yadda Antietam shi ne Sharpsburg. Haka nan alkaluman asara da za ka gani sun haɗa da matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, don haka kada ka ɗauke su duka a matsayin gawarwaki.

A Antietam ya kamata ka daɗe. Ranar 17 ga Satumba, 1862, an yi asarar mutum kusan 23,000 kafin faɗuwar rana, kuma a filin daga babu wanda ya yi wa wani kaca-kaca, sai dai Janar Robert Lee na Kudu ya janye daga jihar Maryland. Wannan janyewar ta ishi Lincoln hujja, domin bayan kwana biyar ya sanar da ƙudurinsa na 'yanta bayin da ke yankunan 'yan tawaye, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1863. Daga lokacin ya yi wa Ingila da Faransa wuya su amince da Kudu a matsayin ƙasa, duk da buƙatar audugarta da masaƙunsu ke yi. Sanarwar ta kuma buɗe wa baƙar fata ƙofar shiga soja, har kusan 180,000 suka sa kaki, cikinsu da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta ƙasar Borno, wanda ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863.

Idan ka iso Yulin 1863, ka karanta Gettysburg da Vicksburg a zama ɗaya. Gettysburg ta fi shahara, domin an kwana uku ana fafatawa, an yi asarar kusan mutum 50,000, kuma a nan aka tare Lee a kutsensa na biyu cikin Arewa. A ganina, duk da haka, Vicksburg ta fi yi wa Kudu illa. Janar Ulysses Grant na Arewa ya yi wa garin, wanda ke bakin kogin Misisipi, ƙawanya har luguden wuta ya sa mazaunansa suka koma kwana a ramukan da suka haƙa a jikin tuddai, yunwa kuma ta sa sojojin Kudu da ke ciki suka miƙa wuya ranar 4 ga Yuli. Da yake New Orleans ta riga ta faɗi tun Afrilun 1862, kogin gaba ɗaya ya koma hannun tarayya cikin 'yan kwanaki, aka raba Texas da Arkansas da sauran Kudu.

Shekarar 1864 kuwa sai ka karanta ta tare da labarin zaɓe. Mutanen Arewa sun gaji da jana'iza, Grant ya maƙale a bakin Petersburg, Lincoln da kansa yana zaton zai sha kaye a hannun George McClellan, wanda jam'iyyarsa ke neman a tsagaita wuta. Sai Janar William Sherman na Arewa ya kame Atlanta, mahaɗar layukan dogo, a farkon Satumba, ra'ayin masu zaɓe ya juya, Lincoln ya yi tazarce a Nuwamba.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon nazari. Sherman ya ratsa jihar Georgia yana tumɓuke layin dogo har Savannah, Lee ya miƙa wuya ga Grant a Appomattox ranar 9 ga Afrilu, 1865, sannan a Disambar shekarar aka tabbatar da gyara na 13 ga tsarin mulki, wanda ya haramta bauta a duk faɗin ƙasar, bayan mutuwar sojoji fiye da 600,000.