Yadda za ka sayar da motarka ta alfarma ba tare da dillali ba

Da farko ka haɗa takardu: na kwastam, na mallaka, lasisi da inshora. Ka tabbatar lambar shasi ta yi daidai da wadda ke rubuce. A mota irin Lexus ES 350 ko Marsandi, mai saye yakan tambayi takardar kwastam tun kafin ya buɗe bonet, kuma yana da gaskiya.

Sannan a wanke ta ciki da waje. Rasit ɗin juyen mai da na gyara kada ka yar da ko ɗaya. Su ne shaidar an kula da ita.

Ɗauki hotuna da rana ka sa a Jiji (shafin saye da sayarwa na intanet) ko Facebook. In an taɓa sake fenti ko buɗe injin, ka faɗa. Ɓoye aibi ha'inci ne, makaniken mai saye ma zai gano.

Ku haɗu inda jama'a suke. In zai gwada ta, ka zauna a ciki.

Kada ka miƙa makulli saboda kawai ka ga alat. Duba asusunka ka ga kuɗin sun shiga tukuna. Daga nan ku rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu, a yi canjin mallaka.